Kwana Arba'in da Tara da Awa Goma Sha Bakwai

Aikin farko da na yi wanda ya isa a kira shi aiki, firinta ce. Tsohuwar firinta ce ta wani Alhaji mai shagon buga takardu kusa da tashar mota a nan Talata Mafara. Ya sayo kwamfuta ta hannu, aka sa mata babbar manhajar nan ta kyauta wadda mutane daga ƙasashe daban-daban ke taruwa suna rubutawa. Kome ya tashi lafiya, ban da firinta. In an ce ta buga, sai ta ja takarda, ta zana layi guda na alamomin da ba wanda ya iya karanta su, ta tofo ta waje. Wata biyu na yi a kanta.

Ku da kuke shigowa shagona da waya a hannu kuna nuna mini manhajar da kuka haɗa cikin kwana uku, ban raina aikinku ba. Amma ku fenti kuke yi wa ɗaki, mu tushen ginin muke haƙa. Tsakanin babbar manhajar da kwamfuta ke tashi da ita da kowane ƙarfe da aka jona mata, firinta ce ko sikeli ko injin ruwa, akwai wani ɗan guntun rubutu da ke yi musu tafinta. Shi muke kira direba, kamar na mota. Gyaran da ake yi masa kuma faci, kamar na taya. In manhajarku ta yi kuskure, rufewa take yi, mutum ya yi tsaki ya sake buɗe ta. In direba ya yi kuskure, wani lokaci na'urar gaba ɗaya ce ke sandarewa, wani lokaci kuma ba abin da zai nuna, ta ci gaba da kunna koriyar wutarta kamar lafiya lau, alhali ta daina aikin da aka ajiye ta dominsa.

Wanda ya koya mini sana'ar nan bai taɓa rubuta ko layi guda na manhaja ba. Sunansa Malam Haruna, mutumin Maradun ne. Ya yi shekaru yana aikin lantarki a ƙofofin madatsar ruwa ta Bakolori, da ya bari sai ya buɗe rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ina da shekara goma sha tara mahaifina ya kai ni wurinsa. Kayan aikinsa ba su da yawa: mita mai allura, ƙarfen narka dalma, buroshin haƙori na share ƙura, da wata tsohuwar na'ura mai koren gilashi da ke nuna wuta tana tafiya a waya kamar igiyar ruwa. Sai littafi mai bangon kwali da yake rubuta duk abin da ya auna, da ranar da ya auna shi. Shekarata ta farko ban taɓa dalma ba. Aikina in riƙe masa wayoyin mita in karanta abin da allura ta nuna. In na ce masa ina jin abu kaza ne ya lalace, tambaya guda yake yi mini, ko na auna. In na ce a'a, sai ya ci gaba da aikinsa kamar ban yi magana ba.

Ita ma firintar shi ya warware ta. Ni na ƙwallafa rai a kan rubutun direban, ina karanta shi da wani littafi da na yi hotonsa a Sakkwato, rabin shafukan sun dushe. Shi kuwa ya ce in kawo ta rumfa. Ya ɗora wayar koren gilashinsa a kan kebul ɗin, yana bin ƙananan wayoyin cikinsa ɗaya bayan ɗaya, har ya ga wata waya guda da ke ɗagawa duk lokacin da firintar ta cika. Ya ce, "Lawali, wagga aba cewa ta kai a dakata mata. Abinka ne ba ya saurare." Haka ne kuwa. Direban na tsohon samfuri ne, ba ya duba wannan wayar. Layi shida na ƙara. Takarda ta fito da sunan Alhaji sarai, ya ɗauka ya zagaya da ita tasha yana nuna wa mutane.

Layi shidan nan su na aika wa masu kula da babbar manhajar, don duk mai irin firintar a duniya ya amfana. Lokacin sai na shiga mota zuwa Gusau kafin in sami inda zan aika saƙo. Wadda ke kula da wannan sashe wata mata ce a wata ƙasa mai sanyi, ban taɓa ganin fuskarta ba, ban taɓa jin muryarta ba. Sau bakwai ta maido mini da facin. Ba ta zagi, ba ta yabo. Tambayoyi kawai take yi. In an zare kebul a tsakiyar bugu, me zai faru? In firintar ta ce a dakata ba ta sake cewa a ci gaba ba, har yaushe za ka jira? Kowace tambaya tafiya guda ce zuwa Gusau. A karo na takwas ta karɓa. Ita ce malamata ta biyu, kuma abin da ta koya mini shi ne ka riƙa tambayar kanka abin da zai faru ranar da abubuwa ba su tafi daidai ba. Na ɗauka na iya wannan darasi.

Akwai sikelin mahauta da na yi wa aiki, wanda har yau in na wuce ta wurinsu sai sun tuna mini. Sun haɗu sun sayi babban sikeli mai lantarki da ke aika nauyi zuwa kwamfuta. Da safe yana aiki daidai, da hantsi ya haukace, cinyar saniya ta koma nauyin raƙumi. Har an fara zargin yaron da ke danna kwamfutar, wasu kuma suka ce wurin ne ba shi da kyau, a nemo malami. Kwana uku na zauna a kan benci cikin ƙuda ina rubuta lokacin da lamba ta yi tsalle. Ashe injin niƙa ne a bayan katanga. Duk lokacin da aka tada shi, sai ya watsa hayaniya cikin wayar, saƙon sikeli ya iso a gurguje, direba kuma ya karɓa bai bincika ba. Na koya masa ya jefar da duk saƙon da bai cika ba, Malam Haruna kuma ya sauya wa wayar hanya. Sarkin fawa ya aiko mana da tsire cikin takarda, ya kuma je da kansa ya ba yaron nan haƙuri. Irin waɗannan su ne abokan cinikinmu. Ba sa sanin me ka yi. Sun dai san a da abu ba ya yi, yanzu yana yi.

Aikin da ya fi kowanne girma a rayuwata rijiyoyi ne. Wata ƙungiya, ba sai na faɗi sunanta ba, ta haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana guda goma sha ɗaya a ƙauyukan Talata Mafara da Bakura da Maradun. Kowace tana da tanki a sama, da akwatin ƙarfe a jikin ginshiƙi. Cikin akwatin akwai batir da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba. Ita ke duba ko tanki ya cika, ko rana ta isa, ta tada injin jan ruwa ko ta tsayar da shi. Direban da ke magana da injin ni na rubuta shi daga farko har ƙarshe. Ciki na sa wata doka mai kyau: in injin ya tsaya, kada a sake tada shi sai ya huta minti goma, don kada ya ƙone. Kowane akwati yana da layin waya a ciki, ina zaune a shagona ina ganin ruwan da Ruwan Gizo ta sha da wanda Birnin Tudu ta sha. Kowace Juma'a da hantsi kwamfutar shagona na aika musu umarni su kashe kansu su sake tashi, don su ɗauki duk sabon gyaran da na yi.

A watan farko wani ya buɗe akwati guda ya jona cajin waya a batir, allon 'yar kwamfutar ya ƙone. Daga nan muka sa kwaɗo. Kowane ƙauye aka zaɓi mutum guda mai amana aka ba shi makulli, a gaban mai gari, da sharaɗin ba zai buɗe ba sai ma'aikaci ya zo. Malam Haruna ya rubuta da jan fenti a jikin kowane akwati, da boko da ajami: kada a taɓa. Shekara biyu da wani abu ba rijiyar da ta yi fashin kwana guda.

Sai shekarar da aka kashe layukan waya a jihar nan saboda 'yan bindiga. Kun san ta, ba ku yi ƙanƙanta ba. An rufe kasuwannin mako, mai ya yi wuya, an taƙaita tafiya da babur. Allon kwamfutar shagona ya yi fari, ba labarin rijiya ko guda. Ban damu ba sosai, domin na san na gina su yadda za su yi aikinsu ko ba waya. Mako ya bi mako, masu zuwa gari suna ce mini ruwa na zuba.

Wata Asabar da azahar mai makullin Ruwan Gizo ya iso shagona a kan keke, ya ce tun safe injin bai tashi ba, ga rana tar, ga koriyar wuta na ci. Washegari na bi shi. Na auna faifan hasken rana, lafiya. Na auna injin, lafiya. Na jona kwamfutata a akwatin na tambayi direban halin da yake ciki, ya ce yana jiran injin ya gama hutawa. Na kwafe duk abin da ke ciki, na kashe akwatin na kunna. Kafin in mayar da kwaɗo ruwa ya fara hawa tanki. Mutane suka yi ta godiya, amma ni na san ban gyara kome ba, tunda ban san abin da ya lalace ba.

Da na dawo na tarar da mutumin Birnin Tudu zaune a ƙofar shago. Tasu ma tun safiyar Asabar ta tsaya.

Ranar Litinin na gano shi. 'Yar kwamfutar tana da agogo a ciki da ke ƙirga lokaci tun daga sa'ar da aka kunna ta, kashi dubu cikin kowace daƙiƙa. Wurin da na tanada don ajiye wannan ƙirge yana da iyaka. In ya cika sai ya koma sifili, kamar mitar tsohon babur. Cikarsa kwana arba'in da tara ne da awa goma sha bakwai. Da yammacin Juma'a rana ta faɗi, injin ya tsaya, direba ya rubuta lokacin tsayawarsa da wata babbar lamba. Kafin gari ya waye agogo ya koma sifili. Da safe direba ya duba, ya ga lokacin tashi bai yi ba, kuma ba zai yi ba sai bayan wasu kwana arba'in da tara. Kuskuren yana nan tun ranar da na rubuta shi. Umarnin Juma'a ne ke rufe shi, domin kowane mako agogon na komawa farko kafin ya cika. Tunda kuma duk rijiyoyin a Juma'a guda suka karɓi umarni na ƙarshe, to duk goma sha ɗayan a safiya guda suka tsaya.

Facin layi guda ne. Ban yi minti goma ina rubuta shi ba. Da akwai waya, da kafin la'asar ya isa ko'ina. Kai, ko ba faci, da akwai waya da sai in kira kowane mai makulli in ce ya buɗe ya kashe ya kunna, ya sami ruwan mako bakwai.

Na sa gyaran a ƙananan memori irin na waya, wanda duk ya iya buɗe akwatin zai iya zare tsoho ya sa sabo. Malam Haruna lokacin ya kusa saba'in, idonsa guda ya fara hazo. Ya ce in ba shi na Maradun guda huɗu, can garinsu ne, an san shi, ni in ɗauki sauran. Na ce masa hanyar ba ta da kyau. Ya ce ya fi ni sanin haka. Ya naɗe memorin a takarda ya sa cikin hularsa.

Nawa bakwai na gama su cikin kwana shida, wani wuri a keke, wani a bayan motar albasa, wani a ƙafa. A ƙauyuka biyu na tarar an koma shan ruwan hanyar ban-ruwa, yara na fama da gudawa. Shi Malam Haruna ya gyara uku cikin kwana huɗu. Ta huɗun tana wani ƙauye can bayan Maradun, gefen daji, ba zan faɗi sunansa ba. Ba mai shiga sai da rakiya. Ya zauna a Maradun yana jira, bai isa ba sai ranar da rijiyar ta cika kwana goma sha ɗaya a tsaye.

Da ya dawo bai biya gida ba, shagona ya zo. Muka gaisa, ya sha ruwa, ya ciro tsofaffin memori huɗu ya jera mini a tebur. Sannan ya ba ni labari. Mai makullin ƙauyen sunansa Malam Ummaru, dattijo ne, shi ke yi musu limanci in liman ba ya nan. Da tanki ya ƙafe sai aka koma rafi, tafiyar kusan awa guda, ta inda aka daina bi tun da aka sami rijiyar. Mata ba sa zuwa. Ɗansa na fari, Basiru, mai mata da 'ya'ya biyu, shi ke ɗaura shanun huɗa a amalanke ya ɗebo wa unguwarsu a duro. A rana ta takwas 'yan bindiga suka tare shi a bakin rafin. Shanun suke so. Ya riƙe igiya, suka harbe shi.

Na tambayi Malam Haruna ko ya gaya wa Malam Ummaru abin da ya tsayar da rijiyar. Ya ce bai gaya masa ba. Ya bar shi a kan cewa wani abu ne ya ƙone aka sauya. Ya ce, "Ba ni da bakin hwaɗa mai, Lawali. Jan fentin nan da hannuna na rubuta shi."

Bayan an maido da layukan waya na aika facin ga masu kula da babbar manhajar, domin direban ya riga ya shiga cikinta, ban san ko su wa ke amfani da shi a wasu ƙasashe ba. Na yi bayanin kuskuren cikin layi uku kamar yadda aka saba. Ban ambaci rijiya ba, ba wurin rubuta wannan. Amsa ta zo washegari daga wani da ban sani ba: an karɓa, an gode. Daga nan na bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya ina sa musu maɓalli a waje, wanda kowa zai iya dannawa, ina goge jan fentin. Na kuma ɗauki wata al'ada da har yau ban bari ba. Duk direban da na rubuta, sai na tura agogonsa da gangan zuwa bakin cikarsa na zauna na ga abin da zai yi. Sai na zare masa waya, na bar shi shi kaɗai wata biyu a kan tebur kafin in kai shi ko'ina. Masu aiki suna cewa ina da nawa. Wasu sun kai aikinsu wurin waɗanda suka fi ni sauri.

Ƙauyen Malam Ummaru shi ne na ƙarshe da na sa wa maɓalli, sai da hanya ta ɗan lafa. Mun shirya tafiya tare da Malam Haruna, amma ciwo ya kwantar da shi, kuma a daminar nan ya rasu. Ni kaɗai na je.

Na same shi a zaure yana tufka igiya. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da ruwa da hanya. Na yi masa ta'aziyyar Basiru, muka yi addu'a muka shafa. Aka kawo fura. Ban sha ba sai da na gama maganata. Na gaya masa cewa ba abin da ya ƙone. Kuskure ne a cikin rubutun da ni na yi da hannuna, kuma da an buɗe akwatin an kashe an kunna, da ruwa ya zo a ranar.

Ya ci gaba da tufka igiyarsa. Can ya ce kwanan Basiru ne ya ƙare, kuma ya yafe mini duniya da lahira. Ya ce in sha furar. Na sha. Sai ya tashi ya sa takalmi, ya ce in zo mu je rijiyar.

A gindin tanki akwai wani dutse. Ya nuna mini shi, ya ce, "Nan ni kan zamna. Kullum da sahe in zo in duba koriyar wutag ga, makulli shina aljihuna. Basiru ya ce Baba mu buɗe mu gani. Nic ce mai amana ce."

Ya ciro makullin ya buɗe kwaɗon da kansa, ya ce in nuna masa. Na nuna masa ɗan baƙin maɓallin da ke ciki, gefen batir. Ya sa yatsa ya kashe. Injin ya yi shiru, matan da ke bakin famfo suka ɗago kai suna dubanmu. Ya sake dannawa. Muka tsaya. Ba a jima ba injin ya ɗauka, bututu ya girgiza, ruwa ya fara zuba cikin tanki a saman kanmu.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba."

Ya tsaya yana sauraren ruwan har wani lokaci. Sannan ya tura murfin, ya rataya kwaɗon a jiki bai kulle ba, ya ce in yi aikina in kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.